Makin Iyawa: Yadda Malamin Ƙaramar Sakandare Zai Auna Abin da Yaro Ya Iya

A ƙarshen wani zangon farko ina zaune a ofishin malamai ina cike takardun sakamakon 'yan aji ɗaya, sai na ci karo da yara biyu da kowannensu ya tashi da 62 a gwaje-gwajen Lissafi. Na buɗe littafin maki na duba. Yarinyar da 20 ta fara, sai 45, sai 70, sai 85, ta rufe da 90. Yaron kuwa da 90 ya buɗe, ya gangaro 85, 70, 45, ya ƙare da 20. Ka tara na kowanne ka raba biyar, 62 ne cif.

Abin ya tsaya mini a rai. Yarinyar nan ta zo mana daga firamare ko karanta lambobin miliyan ba ta iya ba, amma kafin zangon ya ƙare ita ke nuna wa 'yan bencinta yadda ake tara 2/3 da 1/4. Shi kuma yaron guzurin firamare ya yi ta ci a makonnin farko, da aka shiga sabon karatu ya ɓace, kuma jimillarsa ba ta taɓa sauka ƙasa da layin ci ba balle wani ya farga. Iyayensa suka ga 62 suka yi hamdala. Da muka dawo zango na biyu, lambar nan ba ta gaya mini inda zan kama hannunsa ba.

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wata hanyar. Malam ba ya cewa ka ci kashi 62 na Sabbi. Ka zo ka biya. In karatu ya zauna, ka je ka wanke a yi maka ƙari. In bai zauna ba, ka koma ka ci gaba da maimaitawa, ko kwana nawa zai ɗauke ka. Ranar da ka biya daidai kuwa, babu mai lissafo tuntuɓen da ka yi shekaranjiya ya rage maka wani abu. Abin da ka iya yau shi ne matsayinka.

Masana ilimin boko ma sun iso wannan wuri ta tasu hanyar. A 1963 John Carroll ya kawo ra'ayin cewa babban bambancin masu koyo yana cikin tsawon lokacin da kowanne ke buƙata. A 1968 Benjamin Bloom na Jami'ar Shikago, wanda duk mai takardar shaidar malanta ta NCE ya haddace sunansa saboda rabe-raben manufofin koyarwa, ya ɗora a kai: in aka raba karatu ƙanana-ƙanana, aka gwada yaro bayan kowanne, aka gyara masa kuskurensa, aka sake gwada shi, mafi yawan yara za su iya abin da ake koya musu. Daga nan tsarin ba da maki bisa ƙwarewa ya samo asali, wanda makarantu da dama a Amurka da Kanada ke bi yau. Ni ina ce masa makin iyawa. Ga yadda nake tafiyar da shi a ajin da ya haura yara sittin, babu kwamfuta, sai alli da dogon littafi ɗaya.

Mataki na 1: Aji ɗaya, darasi ɗaya, da izinin shugaba

Taura biyu ba ta taunuwa. Ko azuzuwa huɗu kake ɗauka, zaɓi guda ka fara da shi zango ɗaya, sauran ka bar su a kan tsohon tsari tukuna. Kuma kafin a buɗe makaranta ka je ka sami firinsifal ko mataimakinsa mai kula da karatu. Abin da zai fi damunsa shi ne takardar sakamako da makin CA, wato gwajin bi-da-bi da ake yi cikin zango kafin jarrabawa, don haka da shi za ka fara: "Ranka ya daɗe, makin CA zai zo a kan lokaci, kuma a cikin 40 ɗin da aka saba. Hanyar da zan bi in samo shi ce kawai za ta canza." Ka tuna masa cewa gwajin bi-da-bi yana cikin Manufar Ilimi ta Ƙasa tun ta 1977, kuma an kawo shi ne don a riƙa gano raunin yaro tun da sauran lokaci. Mu ne muka mayar da shi ƙananan jarrabawoyi biyu ko uku da ake tarawa.

Mataki na 2: Fitar da manufofi, kuma ka taƙaita su

Nan ne aikin yake, kuma a lokacin hutu ake yin sa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗauko manhajar darasinka ta NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantu ta ƙasa. A gaban kowane batu akwai layin da aka jera abin da ake so ɗalibi ya iya aikatawa bayan darasin. Yawancinmu kwafe shi muke yi cikin littafin shirin darasi don mai duba malamai ya gani, daga nan mu manta da shi. Wannan layin shi ne jarinka.

Matsalar ita ce sun yi yawa. In ka ƙirga na zango guda za ka iya samun talatin ko fiye, kuma babu malamin da zai bi yara sittin a kan abu talatin ya kai labari. Ka haɗe masu kama da juna, ka tsaya a kan shida zuwa takwas. A kan kowace ka yi wa kanka tambaya: in yaro ya wuce aji na gaba bai iya wannan ba, zai iya karatun can? In amsar a'a ce, ta shiga. In kuwa zai iya rayuwa ba tare da ita ba, ka koyar da ita a aji, amma kada ka ba ta gurbi a littafin maki. Lambobin Rumawa, alal misali, ina koyar da su a aji ɗaya, amma ba na ba su gurbi nasu na kansu. Tara firakshan kuwa, wato su rabi da sulusi da rubu'i, gurbinsa daban, don wanda bai iya shi ba zai sha wuya har ya bar sakandare.

Sai ka rubuta kowace manufa da bakin yaro, ta fara da "Na iya". Ga wasu daga cikin nawa na Lissafin aji ɗaya, zangon farko: na iya karanta da rubuta lambobi har zuwa biliyan, na iya nemo LCM da HCF na lambobi biyu ko uku (wato mafi ƙanƙantar lambar da dukansu ke raba ta ba saura, da mafi girman lambar da ke raba dukansu ba saura), na iya jera firakshan daga ƙarami zuwa babba, na iya tarawa da ɗebe firakshan masu lambar ƙasa daban-daban, na iya mayar da firakshan zuwa lamba mai ɗigo da kaso cikin ɗari. Ka guji kalmomi irin "na fahimci" ko "na san", domin ba a ganin fahimta da ido. Abin da yaro zai yi da hannunsa ko bakinsa a gabanka shi za ka rubuta. Malamin Hausa zai iya cewa "na iya rubuta wasiƙa mai adireshi da gaisuwa da jiki da rufewa", malamin Kimiyya ya ce "na iya bambance mai rai da marar rai in kawo dalili uku".

Ranar farko ka rubuta su a allo da lambobinsu, yara su kwafe a shafin farko na littafinsu, da Turanci da Hausa. Ni har kwali nake mannawa a bango, don duk darasin da zan fara sai na nuna da sanda: yau muna kan manufa ta 4.

Mataki na 3: Tsani mai hawa huɗu

Maimakon maki ɗari, kowace manufa tana da hawa huɗu. Hawa na 1, yaro bai kama ba tukuna. Na 2, ya fara kamawa: yana yin masu sauƙi, ko yana yi in an ɗan tallafa masa. Na 3, ya iya shi kaɗai, daidai yadda manhaja ta nema. Na 4, ya iya har yana amfani da shi a inda ba a taɓa nuna masa ba, ko ya gano kuskuren wani ya yi bayaninsa.

Dalilin rage hawan shi ne gaskiya. Babu malamin da zai rantse a kan bambancin mai 57 da mai 61. Amma kowane malami zai iya bambance wanda ke yi da taimako da wanda ke yi shi kaɗai.

Kada ka bar hawan a matsayin kalmomi kawai. Ga kowace manufa ka rubuta tambaya ɗaya ko biyu da ke nuna kowane hawa, tun kafin ka koyar. Ɗauki tara firakshan. Tambayar hawa na 2 ita ce irin 1/5 + 2/5, inda lambar ƙasa iri ɗaya ce. Ta hawa na 3 ita ce 2/3 + 1/4, wadda sai yaro ya nemo 12 kafin ya kai ga 11/12. Ta hawa na 4 kuma: manomi ya shuka gero a rabin gonarsa, dawa a sulusinta, ragowar ya sa gyaɗa, kashi nawa gyaɗa ta ci? Wanda ya kai ga 1/6 da kansa ya mallaki abin. Akwai wata da na fi so: wani ɗalibi ya rubuta 1/2 + 1/3 = 2/5, ka nuna masa inda ya ɓata. Wata rana wani yaro da ke zama can baya ya rubuta mini da Hausa cewa, "Malam, 2/5 ai bai kai rabi ba, ta yaya za ka ƙara wa rabi wani abu ya ragu?" Ban taɓa koya musu wannan hujjar ba. A tsohon tsari da maki biyu zan ba shi in wuce, a nan kuwa na san yaron ya hau na 4.

Ka sani cewa hawa na 3 shi ne abin nema ga kowa. Na 4 ƙari ne, kada ka mayar da shi sharaɗi, kada kuma ka bayar da shi don yaro ya yi tambayoyin na 3 guda ashirin babu kuskure. Yawan aiki daban, zurfi daban.

Mataki na 4: Littafin

Sayi dogon littafi mai bangon kwali, irin na 'yan kasuwa. Buɗe shafi biyu masu kallon juna, ka jera sunaye a hagu, ka ja gida takwas, ɗaya ga kowace manufa, kowane gida ka bar masa faɗin da zai ɗauki lambobi uku ko huɗu a jere. A can ƙarshe ka bar gida biyu na ɗabi'a, za mu zo kansu.

Da fensir ake rubutawa. Ƙa'idata ita ce ba na mayar da lamba biro sai yaro ya nuna mini hawa na 3 sau biyu a ranaku daban-daban, da tazarar aƙalla mako guda. Hadda ta kwana ɗaya kowa na iya yi. Wadda ta kwana bakwai ba ta zube ba ita ce abin dogaro. Kowane yaro ma ya ja irin wannan jadawalin a bayan littafinsa, yana cike nasa da hannunsa duk ranar da aka raba takardu. Wannan ƙaramin abu ya rage mini tambayar "Malam nawa na ci?", ya mayar da ita "Malam yaushe zan sake ta 3?"

Mataki na 5: Gajeren gwaji, akai-akai

Ka daina haɗa gwaji ɗaya mai ɗauke da komai a cakuɗe. Duk mako ko mako biyu, ka ware minti goma sha biyar na ƙarshen darasi. Tambaya shida sun isa: biyu na hawa na 2, uku na hawa na 3, ɗaya ta hawa na 4, duk a kan manufa guda, da lambarta a saman takarda. Daga mako na uku ka riƙa ƙara tambaya biyu daga wata tsohuwar manufa, a matsayin tilawa. Ta nan ake samun shaida ta biyu da za a mayar da fensir biro, ta nan kuma kake gane wanda karatunsa ya zube.

A aji mai cunkoso, inda yara huɗu ke benci ɗaya, ka raba allo biyu ka rubuta tambayoyi kala biyu masu nauyi ɗaya, na dama ya yi na farko, na kusa da shi ya yi na biyu. Sauya lambobi kawai ya wadatar.

Wajen dubawa ba tara maki za ka yi ba. Ka kalli takarda ka tambayi kanka, a wane hawa wannan yake? In ya ci na hawa na 2 duka, ya ci biyu cikin ukun na 3, kuma kuskuren da ya yi na gaggawa ne, kamar ya ce 4 sau 3 sha huɗu ne alhali hanyarsa daidai take, to 3 ne. In kuwa tara lambobin ƙasa yake yi, ko da ya dace da amsa ɗaya, 2 ne. Ina jera takardun tuli uku a kan tabarma ina jefa kowace a tulinta, sannan in shigar. Takarda saba'in a minti ɗaya-ɗaya, awa guda da minti goma ke nan. A kan takardar yaro kuma ka rubuta hawan da kalma biyu ko uku da ke nuna masa gyara, irin "nemo LCM tukuna".

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Da Turanci ake tambayar, kuma yara da yawa Turancin ne ke kayar da su, lissafin na nan a kansu. In ka yi zargin haka, kira yaron gaban allo ko gefen taga lokacin tara, ka karanta masa tambayar da Hausa. In ya warware, ka rubuta masa 3 da fensir, ka sa ƙaramar alama cewa da baki ne. Shaida ce ta gaskiya. Amma kada ka mayar da ita biro sai ya yi a rubuce da Turanci, domin jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare da ke jiransa a aji uku da Turanci za ta zo masa. Alamar nan kuma ita za ka kai wa malamin Turanci, ku san yaran da ke buƙatar ku duka biyu.

Mataki na 6: Ranar gyara

Wannan shi ne zuciyar tsarin, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. In ka canza lambobi daga ɗari zuwa huɗu amma ba ka ware lokacin gyara ba, fenti kawai ka sauya wa ɗaki.

Darasin da ya biyo bayan gwaji na gyara ne. Tulin nan uku su ne rukunanka. Masu 1 su matso gaba kusa da kai, ka sake koya musu, amma ta wata hanya daban da ta farko. In da alli ka yi a karon farko, yanzu kawo takarda a ninke ta gida huɗu a yaga, ko ka zo da kara a kakkarya. Masu 2 su zauna uku-uku, ka haɗa kowane rukuni da mai 3 ko 4 guda ɗaya, su gyara takardunsu tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sauran masu 3 ka rubuta musu tambayoyin hawa na 4 a gefen allo su yi ta fama. Ka riƙa juya masu taimakon, kada yarinya ɗaya ta zama ƙaramar malama duk zango ita ba ta ƙaru ba.

In ka ga fiye da rabin aji a hawa na 1 da na 2, kada ka raba rukuni. Darasin ne bai shiga ba, sai ka sake shi ga kowa.

Mataki na 7: Sake gwaji, amma da sharaɗi

Yaro na da damar sake gwada kowace manufa, kuma sabon hawan shi ke maye gurbin tsohon. Ba a tarawa a raba. Wanda ya tashi daga 1 zuwa 3, 3 ne, daidai da wanda ya samu 3 tun ranar farko. Wasu abokan aiki za su ce maka wannan rashin adalci ne ga mai ƙoƙari. Ni amsata ita ce, mai gwajin tuƙi da ya faɗi a karon farko ya ci a na biyu, lasisi ɗaya ake ba shi da kowa, kuma abin da fasinja ke son sani shi ne ko ya iya tuƙi yau.

Amma in ka buɗe ƙofar babu sharaɗi, za ka ga yara sun daina shiri, suna cewa ai akwai na biyu, kai kuma takardu su binne ka. A zangona na farko haka ta faru da ni, har na kusa ajiye tsarin. Abin da ya gyara shi ne tikiti. Kafin yaro ya sake gwaji sai ya kawo abu uku: tsohuwar takardarsa da ya gyara kowane kuskure, jimla ɗaya da ya rubuta da kansa yana faɗin inda ya ɓata, da sababbin tambayoyi biyar da ya warware. Rana ɗaya ce a mako, ni Alhamis lokacin tara nake yi, manufa ɗaya ga kowane yaro, kuma ba na ɗaukar fiye da goma sha biyar a zama. Tambayoyin sababbi ne. Mako biyu kafin jarrabawar zango ina rufe ƙofa, kuma tun ranar farko nake sanar da ranar rufewar.

Hawa yana iya sauka? Yana iya. In tilawa ta nuna wanda ke da 3 ya manta, ina zagaye lambar, in gaya masa, ya zo ranar Alhamis ya tabbatar da ita ko ta koma 2.

Mataki na 8: Raba iyawa da ɗabi'a

Mun saba cusa komai cikin maki: makara a rage biyu, surutu a rage biyar, littafi mai tsafta a ƙara uku, wanda ya share ofis a ɗan taimaka masa. Daga ƙarshe lambar ba ta nuna lissafi, ba ta nuna hali. Takardun sakamakonmu da yawa suna da wurin zuwa a kan lokaci da tsafta da ladabi, wanda ake cikewa a gurguje ranar ƙarshe. Gidaje biyun nan na ƙarshen littafinka su ne za su ciyar da wannan wurin da gaskiya: ɗaya na kawo aiki a kan lokaci, ɗaya na halin zama a aji. Horo yana nan, kiran uba yana nan, amma ba a taɓa makin iyawa.

Aikin gida ma ba na sa shi cikin maki. Ban san wanda ya yi shi ba, ko yaron, ko yayarsa, ko kwafa aka yi a bakin ƙofa da safe. Kuma yarinyar da ke tashi daga makaranta ta ɗauki talla, ta wuce Islamiyya, ta dawo babu wuta, ba daidai take da mai malamin gida ba. Ina dubawa, ina sa alama a gidan ɗabi'a, kuma wanda bai yi ba ba shi da tikitin Alhamis.

Sai sifili. Yaro ya ci 80 sau uku, ranar gwaji na huɗu zazzaɓi ya kwantar da shi, aka sa masa 0, sai ya koma 60. Sifilin nan bai ce yaro bai iya ba, cewa ya yi ba mu gani ba. Don haka wanda bai zo ba ina barin gidansa fari da ɗan ɗigo, kuma dole ya zo ya cike. Wanda aka kama da satar amsa ma haka: a soke takardar, a hukunta shi a kan halin, a rubuta a gidan ɗabi'a, sannan ya zauna a gabana ya yi sabo shi kaɗai.

Mataki na 9: Mayar da hawa zuwa makin makaranta

Makarantu sun bambanta, wasu CA 40 jarrabawa 60, wasu 30 da 70. A ce 40 ne kuma manufofinka takwas, kowace ta ɗauki maki 5 ke nan. Ni hawa na 4 nake ba 5, na 3 ya samu 4, na 2 ya samu 2, na 1 ya samu 1. Tazarar da ke tsakanin na 2 da na 3 da gangan na faɗaɗa ta, don a nan iyakar take. Wanda ya iya duka takwas a hawa na 3 zai tashi da 32, wato kashi 80 cikin ɗari. Wanda duk 2 ya samu zai tashi da 16, kashi 40, bakin layi. Mai 4 ɗaya, 3 huɗu, 2 biyu da 1 ɗaya yana da 26. Ka rubuta wannan lissafin a kwalin bango tun farkon zango, kada ya zama sirri. In makaranta ta nace sai an kawo CA na farko a tsakiyar zango, ka yi lissafin da manufofin da aka kammala, ka roƙi a bar shi da fensir.

Jarrabawar ƙarshen zango tana nan yadda take. In kai ke fitar da ita, ka jera tambayoyin manufa-manufa, don ta zama shaida ta ƙarshe a littafinka.

Mataki na 10: Iyaye

Kada ka raina wannan. A jihar Maine ta Amurka an yi doka a 2012 cewa sai ɗalibi ya nuna ƙwarewa kafin a ba shi shaidar kammala sakandare, amma a 2018 aka janye tilascin bayan ƙorafe-ƙorafe, kuma rikicewar iyaye a kan makin 1 zuwa 4 na cikin abin da aka yi ta kuka da shi. Namu iyayen ma abin da suka saba tambaya shi ne na nawa ya zo.

Wani uba ya taɓa zuwa da takardar ɗansa a hannu, ransa a ɓace. "Malam, yaron da ke cin saba'in, yau na ga ka rubuta masa biyu. Biyu cikin nawa?" Na ba shi kujera na buɗe littafin. Na ce, "Alhaji, ka ga nan da biro, karanta lambobi ya iya, LCM ya iya. Wannan biyun na tara firakshan ne, allonsa ne bai wanku ba tukuna. Ranar Alhamis zai sake biyawa." Ya yi shiru yana bin layin da yatsa, sannan ya ce, "To me zan sa yayansa ya riƙa nuna masa da dare?" Na rubuta masa tambaya biyar a bayan takardar.

Tun daga ranar nake aika gajeriyar wasiƙa da Hausa a makon farko, rabin shafi, da bayanin hawa huɗun da misalin wanke allo, kuma in nemi minti biyar a taron iyaye da malamai. A ƙarshen zango ina manna ƙaramar takarda a jikin sakamakon kowane yaro mai nuna manufofi takwas da hawansa a kowace.

Abin da zai ba ka wahala

Za ka ji kamar manhaja na gudu ta bar ka, domin ranakun gyara suna cin lokaci. Gaskiya ne suna ci. Ba za ka tsayar da aji duka sai kowa ya kai 3 ba, yadda ake yi a tsangaya inda kowa da allonsa. A nan aji na tafiya, ƙofar baya ce kawai ke buɗe ta hanyar tilawa da Alhamis. Ƙananan batutuwan da ba ka ba su gurbi ba, su za ka taƙaita ka samo lokacin.

Za ka kuma tarar da yara biyar ko goma da ke zaune a hawa na 1 a komai. In ka zauna da su za ka ga matsalar ta girmi zangon: wani bai iya sau ba, wata ba ta iya karatu ba sam. Waɗannan ka buɗe musu shafi na daban a bayan littafin da manufofi biyu ko uku na firamare, kamar jadawalin sau daga 2 zuwa 9, ka riƙa auna su a kai, su ma su ga lambarsu na motsi. Ka kai sunayensu ga shugaban makaranta a rubuce tun mako na huɗu, kada ka jira ƙarshen shekara.

Idan zango ya ƙare, kafin ka rufe littafin, bi kowane gida daga sama zuwa ƙasa ka ƙirga masu 3 da 4. Gidan da ya fi yawan 1 da 2 shi ne darasinka na makon farko in an dawo, kuma tambayoyinsa za su ci gaba da fitowa a tilawar zango na biyu har fensir ya koma biro. A ƙarshen shekara kuma ka kwafe shafukan ka miƙa wa malamin da zai karɓe su a aji biyu, hannu da hannu, ka zauna da shi rabin awa ka nuna masa sunayen da ke da zagaye da waɗanda ke da alamar baki.